Gwajin fitsari ko na jini zai nuna cinyewar guringuntsin ƙugu? Amsa ga wani ma'aikacin lafiya a ƙasar Gumel

Wani ƙanena, ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Gumel, ya aiko da tambaya a kan mutum biyu na gidansu. Baffansa manomi ne da ya haura shekara 60, ciwon ƙugun dama ya dame shi damina uku ke nan, yanzu zaman tahiya da hawa babur sai da cije leɓe. An yi masa hoton ƙashi, aka ce tazarar gaɓar ta fara matsewa. Sai kuma 'yar yayarsa, mai shekara 19, mai sikila, wadda ta fara ɗingishi kwanan nan, amma nata hoton aka ce ba a ga komai ba. Ya ce ya karanta cewa akwai gwaje-gwaje, CTX-II a fitsari da COMP a jini, masu nuna lalacewar guringuntsi tun kafin hoto ya nuna. Yana tambaya ko su haɗa kuɗi su nemo gwajin a Kano, a yi wa su biyun.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya ba Baffa da 'yarmu lafiya, kai kuma Ya saka maka da wannan kula.

Abin da ka karanta gaskiya ne, waɗannan sinadarai suna nan, ana auna su, kuma an yi bincike mai nauyi a kansu. Sai dai kada ku kashe ko sisi wajen nemansu. Har yau ba su fito daga ɗakin bincike sun zama abin da likita zai dogara da shi a kan majinyaci guda ba, a nan ko a Turai. Kuma wadda hotonta ya fito lafiya lau, ita ta fi tayar mini da hankali. Zan zo kanta, amma tunda kai ma'aikacin lafiya ne, ya kamata ka san dalili, domin gobe wani zai tambaye ka.

Gaɓar ƙugu mulmulallen kan ƙashin cinya ne zaune cikin wani rami a ƙashin kwatangwalo. Fuskokin biyu a lulluɓe suke da guringuntsi fari mai santsi, wanda kaurinsa a yawancin wurare bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Wannan ɗan siririn abu ne ke ɗaukar nauyin da ya kai ninki biyu da rabi na jikin mutum a kowane taku, kafin ma a ɗora masa buhun gero a ka. Kashi 65 zuwa 80 cikin 100 na guringuntsi ruwa ne. Sauran, abu biyu ne manya: zaren wani furotin mai ƙarfi da ake kira kolajin nau'i na biyu, wanda ya saƙu ya riƙe siffar wurin, da wani babban furotin mai suna agirikan, wanda ke zuƙo ruwa ya riƙe shi a tsakanin zaren. In aka taka, ruwan ya ɗan matse ya fita, in aka ɗaga ƙafa ya koma. Ta haka ne ma guringuntsi yake samun abincinsa daga ruwan gaɓa, domin jini ba ya shiga cikinsa, kuma ba shi da jijiyar jin zafi.

Wannan rashin jijiya shi ne tushen matsalar gaba ɗaya. Guringuntsi na iya shekaru yana zaizayewa mutum bai ji komai ba. Zafin da Baffa ke ji daga ƙashin da ke ƙarƙashi yake fitowa, da fatar da ta lulluɓe gaɓar daga ciki, da naman da ke kewaye. Hoton ƙashi kuma ba ya ganin guringuntsi, abin da muke aunawa shi ne sararin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu, wanda a lafiyayyen ƙugu kan kai milimita 3 zuwa 5. Kafin wannan sarari ya matse har ido ya gani, an daɗe da yin asara. Asarar kuma ba ta dawowa. Agirikan jiki na iya sake ƙera shi, amma kolajin ɗin guringuntsi, da zarar mutum ya gama girma, kusan shi ke nan. An ƙiyasta cewa sai an haura shekara 100 kafin rabinsa ya sabunta, kuma wani bincike a Denmak a 2016 ya nuna cewa kolajin da ke gaɓar babban mutum kusan shi ne wanda ya fito da shi daga ƙuruciya. Saboda haka masu bincike suka daɗe suna neman abin da zai gaya musu ana ɓarna tun ana cikin yi, ba sai an gama ba.

Dabarar da suka bi mai sauƙin ganewa ce. In gaɓa ta fara lalacewa, ƙwayoyin guringuntsin da kansu da na fatar gaɓar suna sakin wasu sinadarai masu yanka. Wanda ya fi ƙwarewa wajen datse kolajin nau'i na biyu shi ne MMP-13, masu datse agirikan kuma su ne ADAMTS-4 da ADAMTS-5. Gutsattsarin da aka yanka kan faɗa cikin ruwan gaɓa, daga nan su bi magudanar jiki su shiga jini, ƙananan cikinsu kuma ƙoda ta tace su zuwa fitsari. CTX-II ɗan guntun wutsiyar kolajin nau'i na biyu ne, an fito da hanyar auna shi a fitsari a Denmak a 2001. COMP furotin ne da ke taimaka wa zaren kolajin su haɗu su tsaya daidai, masu bincike a Lund ta ƙasar Suwidin ne suka bayyana shi a 1992, ana auna shi a jini. Na uku da ya kamata ka sani shi ne hayaluronik asid na jini. Shi ba guntun guringuntsi ba ne, fatar gaɓa ce ke yin sa, yana hawa in ta kumbura. Akwai wasu da za ka ci karo da sunayensu, irin su C2C da Coll2-1 da Helix-II, duk gutsattsarin kolajin ne daga wurare daban-daban na zaren, sai PIIANP da ke nuna ƙoƙarin gini maimakon rushewa. A kan ƙugu dai, CTX-II ne aka fi samun hujja a kansa.

Hujjar kuwa ba ta wasa ba ce. A birnin Rotadam na ƙasar Holan an bi mutum 1,235 masu shekara 55 zuwa sama, na tsawon shekara shida da rabi a matsakaici, aka wallafa sakamakon a 2004. Da aka kasa su gida huɗu bisa yawan CTX-II a fitsarinsu, 'yan kason sama sun ninka 'yan kason ƙasa kusan sau huɗu wajen samun zaizayar gaɓa a hoto, kuma sun ninka su kusan sau takwas wajen ci gaban zaizayar ƙugu. A Faransa, cikin binciken da ake kira ECHODIAH, an bi masu ciwon ƙugu 333 shekara uku. Waɗanda CTX-II ɗinsu da hayaluronik asid ɗinsu duka suka hau, haɗarin ci gaban cutarsu ya ninka na waɗanda nasu ke ƙasa fiye da sau uku da rabi. Wannan ya fito a 2006. Kafin nan, a 2003, Patrick Garnero da abokan aikinsa a Liyon sun nuna cewa CTX-II ya fi yawa a wurin masu wani mugun nau'in ciwon ƙugu mai saurin ci, wanda sararin gaɓar ke raguwa da milimita 2, ko da rabinsa, cikin shekara guda.

Ka lura da irin maganar da duk waɗannan ke yi. Magana ce a kan taro. In ka tara mutum ɗari masu CTX-II mai yawa da ɗari masu kaɗan, na farkon za su fi yawan waɗanda ƙugunsu zai lalace. Amma a cikinsu akwai da yawa da ba abin da zai same su, a cikin na biyun kuma akwai waɗanda za su ƙare a kan teburin tiyata. Lambobin masu lafiya da na marasa lafiya sun cakuɗe a tsakiya. In aka miƙo mini takarda mai lamba ɗaya, aka ce ta Baffa ce, ba zan iya cewa ga inda ƙugunsa ya nufa ba.

Ka tsaya a gaɓar Kogin Haɗeja cikin watan Agusta ka ga ruwa ya yi jawur. Ka tabbata ana zaizayar ƙasa a sama, amma ba ka isa ka ce daga gonar wane ba, ko ta Kogin Kano ta biyo ko ta Challawa. Haka fitsari yake. Kolajin nau'i na biyu yana gwiwa, yana yatsu, yana faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya, duk kuma ƙoda ɗaya suke zubowa. Dattijon da ya shekara 45 a duƙe kan fartanya, bayansa da gwiwoyinsa ma suna zubar da nasu gutsattsarin. Wane kaso ne na ƙugun dama? Gwajin ba ya bambancewa.

Ban da wannan, abubuwa da yawa na motsa lambar ba tare da gaɓa ta canza ba. CTX-II ya fi yawa da safe. Yana hawa a jikin mace bayan al'adarta ta ɗauke. A jikin yara da matasa kuwa yana sama ƙwarai, domin bakin ƙashin da ke tsiro guringuntsi ne da ake rushewa ana mai da shi ƙashi. Wannan ya shafi 'yarmu kai tsaye, tunda masu sikila girmansu kan yi jinkiri, mai shekara 19 na iya zama ba ta daɗe da rufe tsiro ba. Sannan ana raba lambar ne da yawan kiriyatinin na fitsarin, wato wani dattin da tsoka ke fitarwa ƙoda ta tace, shi kuma yana bin yawan tsokar mutum da lafiyar ƙodarsa. COMP yana cikin jijiyoyin da ke ɗaure gaɓa ma, kuma tafiyar minti 30 kaɗai na ɗaga shi, shi ya sa masu bincike ke zaunar da mutum ya huta kafin a ɗebi jini. Ka yi tunanin wanda ya taso daga ƙauye da asuba, ya taka zuwa bakin titi, ya sha kujiba-kujiba a tasha kafin ya isa ɗakin gwaji. Hayaluronik asid kuma hanta ce ke kwashe shi daga jini, don haka mai ciwon hanta nasa zai hau ko da gaɓarsa ƙalau take. Ka san yawan ciwon hanta nau'in B a tsakaninmu, da yawan masu ɗauke da shi ba su sani ba.

Akwai wani darasi da ya sa likitocin gaɓa suka ƙara taka-tsantsan. An gwada maganin risedironet, wanda ake bai wa masu raunin ƙashi mai saurin karyewa, a kan mutum sama da dubu biyu masu ciwon gwiwa na shekara biyu, sakamakon ya fito a 2006. CTX-II ya sauka sosai. Amma ciwon bai ragu fiye da na masu shan ƙwayar da ba magani a cikinta ba, hoton ma bai nuna an tsare gaɓar ba. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne cewa wani kaso mai yawa na CTX-II yana fitowa daga can ƙasan guringuntsi, inda ya haɗu da ƙashi, wurin da ƙwayoyin da ke cin ƙashi suke aiki, su kuma maganin ya danne. Wato lamba na iya gyaruwa majinyaci yana nan inda yake.

Ko da babu duk wannan, ga zahirin aikin. Kayan gwajin suna zuwa ne a faranti mai ramuka 96, yawancinsu an rubuta a jikinsu cewa don bincike ne kawai. Ana tara samfura a daskare, a ma'aunin sanyi 20 ko 80 ƙasa da sifiri, sai sun yi yawa a yi su lokaci guda. Kai da ke fama da firjin allurar rigakafi ka san abin da wannan ke nufi a wurinmu. Babu kuma wata lamba da aka amince da ita a duniya cewa daga nan zuwa sama cuta ce. Manyan binciken da na ambata an yi su ne a kan dattawan Holan da Faransa. Tambayar da nake yi wa kaina kafin in rubuta kowane gwaji ita ce: in ya fito sama me zan yi, in ya fito ƙasa me zan yi? A kan Baffa amsar ɗaya ce a duka biyun, domin har yau babu maganin da aka tabbatar yana tsayar da zaizayar guringuntsi. Amfanin waɗannan sinadarai a yanzu yana wurin masu neman irin wannan magani, suna zaɓo da su mutanen da cutarsu ke sauri domin gwaji ya yi gajere. Aiki ne mai daraja, ina kuma fatan a yi irinsa a kan mutanenmu.

Bari in ɗan ratse. A kasuwannin ƙauye da wasu shaguna ana samun masu wata na'ura da ake riƙe ƙarfenta a tafin hannu, kwamfuta ta fitar da takarda, a ce wa tsoho guringuntsinsa ya ragu kashi kaza, ruwan gaɓarsa ya ƙafe, sannan a jero masa robobin ƙwayoyi na dubban nairori. Wannan ba shi da wata alaƙa da abin da muke magana a kai. Ba abin da ke cikin tafin hannu da zai auna gaɓa. Abin yana ƙona mini rai, saboda kuɗin akuya ne ko na buhun riɗi ke tafiya, kuɗin da zai kai mutum asibiti. Su gulukosamin da kondirotin da aka fi sayarwa, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila da ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka duka sun ce kada a ba da su don ciwon ƙugu. Ka riƙa faɗa wa mutanen garinku wannan, za su ji daga bakinka.

Tambayar da ta fi "nawa guringuntsi ya rage" ita ce wace cuta ce ke cin ƙugun. Zaizayar ƙugu ta tsufa zalla ba ta kai yawa a Afirka yadda take a Turai ba, don haka a nan in ƙugu ya lalace mukan nemi abin da ya haddasa.

Ga 'yarmu, abin da zan fara zato har sai an kore shi shi ne mutuwar kan ƙashin cinya saboda toshewar jini. Jijiyoyin da ke kai jini can 'yan kaɗan ne kuma sirara, ƙwayoyin jinin sikila na toshe su, wani yanki na ƙashin ya mutu. Akwai ƙiyasin da ke nuna kusan rabin masu SS kan gamu da wannan kafin shekara 35, masu SC ma ba su tsira ba, kuma sau da yawa ƙugu biyun yake kamawa. A farkon wannan cuta guringuntsin lafiyarsa lau, tunda daga ruwan gaɓa yake ci, ba daga jini ba. Ƙashin da ke ƙarƙashinsa ne ya mutu. Sai ranar da mataccen ƙashin ya kasa ɗaukar nauyi ya rufta, kan ya lotse, sannan guringuntsi ya tsage ya fara cinyewa. Ka ga ke nan ko da gwajin CTX-II cikakke ne, a wurinta zai yi magana ne bayan an makara. Hoton ƙashi ma a matakin farko ba ya nuna komai, shi ya sa "ba a ga komai ba" bai kwantar mini da hankali ba. Abin da ke gani da wuri shi ne MRI, hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, kuma a ɗauki ƙugu biyun.

Kafin ku tafi, ka kwantar da ita rigingine, ka lanƙwasa ƙugu da gwiwa, ka riƙe idon sawu ka jawo shi waje a hankali domin cinyar ta juya ciki. Ka kalli fuskarta, kada ka kalli ƙafar kaɗai. In ta yamutsa fuska ta kai hannu matsematsi, ko ƙafar ta tsaya tun kafin inda ɗayar ke kaiwa, ciwon na cikin gaɓar. Juyawa ciki ita ce motsin da ƙugu ke fara rasawa. Ka tuna kuma ciwon ƙugu na gaskiya a matsematsi da gaban cinya ake jin sa, yakan sauka har gwiwa, wani ma gwiwar kaɗai zai nuna maka. Wanda ke dafa ɗuwawu yana cewa yana sauka har tafin ƙafa da tsikari ko dindiris, nasa galibi daga baya ne. A nema mata sandunan hammata ta rage taka ƙafar, a sauke mata tallar ruwa da daka, a kai ta wurin likitan ƙashi. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Jigawa kuma ga na Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, inda za a duba ta a tura ta gaba in da buƙata. Muddin kan ƙashin bai rufta ba, akwai zaɓi: motsa jiki na musamman tare da rage nauyi a kan ƙafar, ko aikin huda ƙashin don rage matsi a ciki. In ya rufta, zaɓin ya ƙuntata ƙwarai, ga ta yarinya, ga aure da haihuwa a gaba.

Ka kuma tambaye ta, cikin sirri da lallashi, ko tana shan maganin ƙiba irin su "sha ka fashe". Wasunsu na ɗauke da deksametason, shi kuma da ɗan'uwansa firednisolon suna cikin manyan masu kashe kan ƙashin cinya, ko ga wanda ba shi da sikila. Baffa ma a tambaye shi. Ƙullin ƙwayoyin da ake haɗa wa masu sanyin ƙashi a wasu kemis da wurin masu tallar magani sau da yawa da irin waɗannan a ciki, shi ya sa mutum ke jin garau a kwana biyun farko.

Tunda yara na zuwa wurinka, ga wurin da gwajin jini ke da amfani na gaske. Yaro mai zazzaɓi ya ƙi taka ƙafa, ya kwanta ya lanƙwashe ta ya karkatar da ita waje, ana taɓawa ya ƙwalla ƙara, ka ɗauka ƙwayar cuta ta shiga gaɓar. Mugunya na narkar da guringuntsi cikin 'yan kwanaki, ɓarnar ma tun a yinin farko take somawa. Alamomi huɗu da likita Kocher da abokan aikinsa suka tsara a 1999 su ne zafin jiki sama da 38.5, ƙin taka ƙafa, ESR (gwajin jini mai nuna kumburi a jiki) sama da 40, da fararen ƙwayoyin jini sama da 12,000. In uku ko huɗu suka haɗu, a ranar za a tafi, ba za a tsaya allurar zazzaɓin cizon sauro ko zuwa wurin mai ɗori ba. Wanda kuma ciwonsa ya yi watanni yana cin sa a hankali, da rama da gumin dare da ESR mai yawa, a tuna da tarin fuka, domin bayan ƙashin baya, ƙugu na cikin wuraren da ya fi kamawa, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. ESR da CRP (shi ma gwajin kumburi ne) da ƙirgen ƙwayoyin jini da jinotayif ba sa auna guringuntsi, amma suna nuna abin da ke shirin cinye shi, kuma akwai abin yi in sun nuna.

Shi Baffa, labarinsa ya yi kama da zaizayar gaɓa ta shekaru da aiki. Noma da kansa sababi ne sananne. Wani bincike a Ingila a 1992 ya gano cewa waɗanda suka yi noma shekara 10 ko fiye sun ninka masu aikin zaune kusan sau tara wajen samun wannan ciwo, kuma tun 2005 gwamnatin Birtaniya ta sa zaizayar ƙugun manoma cikin cututtukan da ake biyan diyyar aiki a kansu. Duk da haka a tambaye shi ko ya taɓa faɗowa daga bishiya ko amalanke aka yi masa ɗori a wurin, ko ya yi ɗingishi yana yaro. A yi masa ESR sau ɗaya. A zaizayar tsufa yakan tsaya ƙasa da 20, in ya yi sama sosai sai a nemi wani dalili.

Abin da kake son CTX-II ya gaya maka, wato saurin cinyewar, akwai hanyar saninsa mai araha. A adana hoton da aka yi, kada a naɗe shi, kada a bar shi a rana, a rubuta kwanan wata a jikin ambulan. Bayan shekara guda, ko kafin nan in ciwon ya tsananta farat ɗaya, a sake wani yana tsaye, ƙugu biyun a faranti ɗaya, a jera su a auna. Wannan ƙugun Baffa ne da kansa yake ba da labari. Sai dai kada hoto ya zama shi ne alƙali. A binciken Framingham na Amurka da aka wallafa a 2015, cikin ƙugunan da masu su ke yawan kukan ciwo, kashi 16 cikin 100 ne kawai hoto ya nuna zaizaya. Abin da muke yi wa magani shi ne barcin da ciwo ya hana, da nisan da mutum ke iya takawa, da ko yana iya sa takalmi ya yanke farcen ƙafarsa.

Ya riƙe sanda a hannun hagu, tunda ƙugun dama ne ke ciwo. Yawancin mutane a gefen ciwon suke riƙewa, kuma hakan na rage amfaninta. Kada ya kwanta ya daina motsi, guringuntsin da ya rage da motsi yake ci, naman ɗuwawu da na cinya kuma in suka saki ciwon ƙaruwa yake. Tafiya daidai ƙarfinsa a wuri mai laushi, da keke in yana iya hawa, sun fi masa zama. Ɗaukar buhu da huɗa da doguwar duƙawa a bar wa yara. A ɗaga masa wurin zama, a sa masa kujera mai huda a makewayi domin tsugunno na matse gaɓar. Zancen salla a kan kujera, malamai sun yi bayanin rangwamen da mara lafiya ke da shi, a sa limaminku ya yi masa magana, domin dattawa da yawa na jin nauyin a gan su a zaune a sahu.

Maganin zafi kuwa, su dikulofenak da ibufurofen da firoksikam suna aiki, amma a ɗauki guda ɗaya, mafi ƙarancin da zai isa, na ɗan lokaci, bayan cin abinci. Kada a haɗa biyu. Kafin ya daɗe a kansu a auna hawan jininsa da kiriyatinin, a tambayi gyambon ciki. Manomin da ke wuni cikin rana yana zufa, ruwan sha kaɗan, ga waɗannan ƙwayoyi kullum, ƙodarsa na cikin haɗari, kuma ka san yadda ciwon ƙoda ya addabi yankin Haɗeja da maƙwabtansu na Yobe. Ƙaho da tsaga a kan ƙugu ba sa isa gaɓar, tana can ciki ƙarƙashin nama mai kauri, abin da suke bari shi ne tabo da haɗarin ƙwayar cuta a wurin da wata rana za a iya buƙatar yin aiki.

In ta kai ciwo na tashinsa da dare, ko masallacin unguwa ya gagare shi, sai a yi zancen canza gaɓar. Aikin da John Charnley ya daidaita a Ingila a 1962 yana cikin ayyukan tiyata mafiya nasara, ana yin sa a Kano, kuma wani nazari da ya fito a 2019 ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na gaɓoɓin da aka sa suna kaiwa shekara 25. Yana da tsada, gara iyali su san da zancen tun yanzu su fara shiri a hankali.

Kuɗin da kuka yi niyyar haɗawa, ku fara da 'yarmu, cikin makon nan in da hali, Baffa zai iya jiran bayan girbi. Ka rubuta mata takardar turawa da hannunka: jinotayif ɗinta, yaushe ɗingishin ya fara, inda take nuna ciwon, abin da ka gani da ka juya ƙafar, duk ƙwayar da take sha har da wadda ba likita ya rubuta ba, da kuma cewa kana zargin mutuwar kan ƙashin cinya duk da hoton bai nuna ba. Ku tafi da hoton kansa, kada ku tafi da takardar bayaninsa kaɗai.